Mun Tsallaka Iyaka Don Cin Boga

Tun da muka dawo ban huta ba. Duk wadda ta zo sayen kifi sai ta ja benci ta zauna: "Hajja, wai da gaske kin hau abin nan mai juyawa da mutane sama?" Wasu har sun ƙara wa labarin gishiri, wai na suma an yayyafa mini ruwa. Ban suma ba. Bari in faɗa sau ɗaya tun daga farko kowa ya ji, in samu in riƙa juya kifina kafin ya ƙone.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai rumfar kifi a kan hanyar gada, nan Garwa. Karfasa da giwan ruwa nake gasawa, ga tuwon masara da miyar yakuwa ga mai son zama. Ni da marigayi maigidana muka kafa wurin. Babbar 'yata, wadda muke kira Uwani, tana aure a Abuja. Saura autana Nasiru. Ya gama karatu, ya yi ta kai takardu ofis-ofis har takalminsa ya cinye, shiru. Sai ya dawo rumfa yana taya ni, kullum fuska a ɗaure.

Wata rana ya miƙo mini waya, ga hoton wani shago duk gilashi. Ya ce, "Inna, wannan shi ake kira fas-fud. Mu rushe rumfar nan, mu zuba jajayen kujeru, mu koma sayar da boga."

Na ce, "Mene ne boga?"

"Nama ne tsakanin biredi."

"To ai mai tsiren bakin kasuwa ma yana tsaga biredi ya zuba nama."

"Ba irinsa ba ne, Inna."

Daga nan faɗa ya tashi, muka yi makonni ba ma shiri. Ƙarshe ya ce abokinsa Bashiru ya yi masa alkawarin aiki a tashar jiragen ruwa ta Duwala, in ban yarda ba tafiya zai yi. Wannan ce ta taɓa ni. Na san yaran unguwarmu da suka tafi Duwala da sunan 'yan watanni, ga iyayensu nan sai a waya suke ganin jikokinsu.

Da na kai wa Uwani kuka ta waya, dariya ta yi. Ta ce, "Inna, kina faɗa da abin da ba ki taɓa gani ba. Ku zo Abuja. Akwai wani babban filin wasa, a cikin katanga ɗaya akwai kowane irin gidan abinci. Ku ci na tsaye, ku ci na zaune, sannan ku yanke shawara." Muka amince, da sharaɗin a tafi da alƙali. Alƙalin kuwa ita ce Madam Marta, maƙwabciyata mai sayar da albasa. Kirista ce daga duwatsun Mokolo, tun muna 'yan mata muke tare, ba ta tsoron kowa kuma ba abin da ba ta ci.

Muka shiga motar Demsa da safe. An cusa mu kamar buhunan gyaɗa, ƙafata ɗaya a kan jarkar man wani, ɗayar ban san inda take ba sai da muka wuce Gashiga. Marta ta rungume wata ƙatuwar jaka a cinya, ta ƙi a ɗora mata a sama. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce, "Maganin yunwa. Ban yarda da ƙasar da ban taɓa ci a cikinta ba."

Damina ce, kogin da ke iyaka ya cika, sai an shiga kwalekwale. A nan na gane akwai abin da Marta take tsoro. Mutuniyar dutse ce, ruwan da ta saba da shi na randa ne. Muna barin gaɓa ta damƙi hannun rigar wani malami da ke gefenta, ta rufe ido ta kama waƙar coci da yarensu. Malamin ya ci gaba da jan carbinsa da ɗaya hannun. Da muka taka ƙasa ya dube ta ya ce, "Madam, tsakanin taki da tawa dai wata ta karɓu. Sakar mini riga." Har mai tuƙin sai da ya dafa sandarsa don dariya.

A ɓangaren Najeriya wani jami'i ya karɓi katunanmu yana dubawa. Ya ce, "Hajiya, me ya kawo ku?"

Na buɗe baki zan ce ziyarar 'yata, Marta ta riga ni: "Cin abinci."

Ya ɗago kai. "Babu abinci a Kamaru?"

"Akwai. Mun zo mu ga ko naku ya kai."

Nasiru ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Jami'in kuwa ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ji sabon dalili. Nan take su biyun suka kama gardama a kan inda ya fi iya kilishi a hanyarmu, suka manta da mu a tsaye. Sai da direban motar Jimeta da ke jiranmu ya yi ta danna hon suka miƙo mana katunan, ɗayan yana ɗaga murya: "Hajiya, kada ki yanke wa ƙasarmu hukunci da boga!"

A Jimeta muka kwana, a wani masauki kusa da tasha. Fankar ɗakin tana da ƙara sosai, iska ce dai babu. Da yamma na aiki kaina bakin titi neman abin taɓawa. Mu a Garwa, kun sani, tsire shi muke kira soya. Na tsaya gaban wata mata na ce ina ake sayar da soya, ta ce ai na zo wurin. Ta naɗe mini wani abu a takarda. Na kai ɗaki muka buɗe, sai ga awara ta waken soya. Marta ta ɗauki ɗaya ta juya ta ce, "Wannan saniyar ba ta taɓa cin ciyawa ba." Amma ta cinye tas.

Da safe wurin mai shayi na nemi biredi, ya yanko mini wani abu mai laushi da zaƙi kamar matashin kai. Na ce ina dogon nan mai ɓawo, irin wanda in ka karya yake ƙara? Ya ce, "Hajiya, daga Kamaru kike ko? Tun daga gaisuwarki na gane." Wai Hausata tana da wutsiyar Fulatanci da kan Faransanci. Ni kuwa da na ji yadda suke cusa Turanci a tasu, sai kawai na ci gaba da shan shayina.

Hanyar Abuja doguwa ce, ba zan gajiyar da ku ba. Mun bi ta Gombe da Bauchi, a Jos sanyi ya sa Marta ta naɗe kanta da zanen gado na masaukin da ta ce ba ta san yadda aka yi ya shiga jakarta ba. Daga baya mun mayar da shi a hanyar dawowa. Uwani da mijinta Malam Isiyaku suka tarbe mu. Gidansu a bene yake, ƙofa kusa da ƙofa da maƙwabta, amma ba wanda ya leƙo ya ce sannu da zuwa. Na tambayi Uwani ko sun yi faɗa ne, ta ce a'a, ba su san juna ba ne kawai.

Ranar Asabar surukina ya kwashe mu a mota zuwa filin wasan, da jikata Hanifa tana ta tsalle. A ƙofa aka ɗaura wa kowa wata leda mai launi a wuyan hannu, irin ta majinyata a asibiti. Sai mai gadi ya ce a buɗe jakunkuna, ba a shiga da abincin waje. Marta ta buɗe tata: busasshen kifi, dambun nama, ƙullin yaji, da albasa manya-manya. Mai gadin ya yi tsaye yana kallo.

Ta ce, "Albasar ba abinci ba ce, sana'ata ce."

Bai karɓi wannan hujjar ba. Aka kulle jakar a wani akwatin ƙarfe aka ba ta makulli, ta yi wa akwatin kallon uwar da ta kai ɗanta makarantar kwana.

Ciki kuwa hayaniya ce: kiɗa ta ko'ina, ga wani jirgin ƙasa yana hawa sama yana rikitowa, mutanen ciki suna ihu kamar ana yanka su, suna sauka kuma su sake bin layi. Mu dai ba wasa ya kawo mu ba. Nasiru ya ja mu kai tsaye shagon fas-fud, yana tafe kamar shi ya gina shi.

Gaskiya wurin tsaf yake. Hotunan abinci a sama suna haske, 'yan mata sanye da jajayen huluna a bayan kanta. Da layi ya zo kaina na gaida yarinyar, na tambaye ta aiki da mutanen gida. Ta yi murmushi ta ce, "Mama, me za a ba ki?" Na bayana har sun fara tsaki. Nasiru ya nuna hoto, ya faɗi abin da muke so. Wallahi ban gama gyara mayafina ba sai ga tire an turo. Na yi mamaki ƙwarai. Ni a rumfata kafin kifi ya gasu mutum ya ba ni labarin aurensa na fari da na biyu.

Sai matsala ta taso wadda ban yi tunaninta ba. Teburin ɗan ƙarami ne, kuma surukina yana zaune daidai gabana. Ni tun da aka yi auren nan ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ga abin da ke hannuna kuma ba a gutsurarsa da ladabi, sai ka wangame baki kamar mai zuwa wurin likitan haƙori. Shi ma bawan Allah ya riƙe tasa yana kallon silin. Uwani ta gane, ta ce, "Inna, juya kujerarki." Na juya na ba su baya, na fuskanci bango, na yi bismillah na buɗe baki iya buɗewa. Ashe bangon madubi ne. Muka haɗa ido da Malam Isiyaku, shi ma bakinsa cike, wani farin abu yana gangaro masa a gemu. Ya miƙe zumbur ya ce zai je ya duba ko ya kulle mota. Marta ta yi dariya har sai da aka bubbuga mata baya.

Da na natsu na ɗanɗana sosai. Bogar dai ba ta kai rabin hotonta ba. Amma soyayyar kazar, jama'a, ba zan yi ƙarya ba, ta yi daɗi: ɓawonta rumus, cikinta da romo. Dankalin ma na ci nawa na ci na surukina da ya gudu ya bari. Na waiga in ga Nasiru yana murna, sai na tarar ya ɗaga saman biredin yana leƙen ciki.

Ya ce, "Wannan nama ne?"

Marta ta ce, "Kai za mu tambaya. Ba kai ne malaminta ba?"

Ya ce a hankali, "A waya nake ganinta."

Wato duk tashin hankalin nan, yaron bai taɓa sa boga a baki ba. Ya tauna da ƙyar, ya ce ba gishiri, ba yaji, kuma biredin yana manne masa a dasashi. Ni ce ma na koma ina kare ta, ina cewa ai ba laifi. Marta ta share baki ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai ta zaga ko'ina.

Muka zaga. Ta sayi wata alewa mai kama da auduga, ta kai baki ta nemi abin ta rasa, ta ce an cuce ta da rana tsaka. Muka ci shawarma, wadda a ganina ita ce mai hankali a cikinsu, don aƙalla an naɗe ta ba ta zubo wa mutum a riga. A wata kusurwa muka ji ƙanshin tsire. Mai gashin sanye da doguwar farar hula irin ta kuku. Ina jin yadda ya ce wa wani "sannu" na gaida shi da Fulatanci, sai ya saki wuƙar. Ashe ɗan ƙasarmu ne, mutumin Bogo, can bayan Marwa. Ya tambaye mu ruwan sama a gida, ya tambayi farashin shanu, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce, "Hajja, da a gida ne da na cika muku faranti. Amma kin ga waccan kyamarar? Kowane tsinke a lissafe yake." Sai ya juya wa kyamarar baya ya danƙara mana albasa da yaji fiye da naman. Marta ta ɗanɗani albasar ta ce ba laifi, amma ba ta kai tata da ke kulle ba.

Bayan mun yi azahar Hanifa ta kama hannuna, wai sai kakarta ta hau lilo. Ta nuna wata ƙatuwar ƙafa kamar ta keke, an rataya mata kujeru, tana juyawa a hankali. Daga ƙasa na ga kamar ba komai. Hanifa ta shiga da uwarta, ni aka haɗa ni da Nasiru. Marta ta ce ita ta gama da abin da ba ya taka ƙasa.

Muna kaiwa ƙololuwa abin ya tsaya cak. Wai ana sauke wasu ne a ƙasa, amma ni ba wanda ya gaya mini. Kujerar tana rangaji, motoci sun koma kamar ƙwari. Na riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, na riƙe Nasiru da ɗayan, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Ya ce, "Inna, buɗe ido, ba abin da zai faru."

Na ce, "In Allah ya sauke ni lafiya, Auta, ka rushe rumfar, ka sayar da duk abin da ka ga dama."

Na ɗauka zai yi murna. Sai ya ce, "Ni ba bogar ce ta dame ni ba."

Na buɗe ido ɗaya.

"A rumfar nan ni ba kowa ba ne, Inna. Nasiru kawo gawayi, Nasiru wanke faranti. Abokan karatuna suna wucewa a kan babur suna ɗaga mini hannu. Ba guje miki nake so in yi ba. Ina son wani abu ne da za a nuna a ce wannan nawa ne."

A gida da ya fara irin wannan maganar da na miƙe na ce kifi zai ƙone. A can sama kuwa ba inda zan je, dole na ji shi har ƙarshe. Da abin ya motsa muka fara sauka, hannunsa na riƙe har ƙasa, kuma ba duka don tsoro ba.

Saura gidan abinci na zaune, wanda ke can ƙarshen filin. Nan kuma wata duniya ce. Sanyin na'ura kamar Jos, fararen ƙyallaye a kan tebur, cokula da wuƙaƙe an jera wa kowa kamar za a yi masa tiyata. Surukina ya yi dabara ya ce shi da Hanifa za su zauna a wani tebur, Allah ya yi masa albarka. Wani saurayi mai baƙar kwat ya kawo mana littafin abinci. Na ce a kawo gasasshen kifi, don a nan ne zan iya auna su.

Muka jira. Marta ta cinye ɗan biredin da aka ajiye, ta yi gyangyaɗi, ta farka, ba kifi. Da ya iso kuwa ya sha ado: yankan lemun tsami a baki, ganye a gefe, faranti kamar tire. Ni na yi niyyar in ci in yi shiru, baƙuwa ce ni. Nasiru ne ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali. Ya danna gefen kifin da yatsa, ya sunsuna. Ya kira mai kwat. Don haushi Hausa ta gudu daga bakinsa, ya kama zuba Faransanci: wai kifin nan ya daɗe a firji har ya manta kogi, wai an gasa bayansa an bar cikinsa, wai a Garwa ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Yana yi yana nuna kifin da hannu biyu.

Mai kwat bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ga dai mutum yana magana da zafi yana nuna abinci, sai ya rusuna ya yi godiya, ya tafi. Jim kaɗan sai ga shi da shugaban masu girki, wai ga baƙon da ya yaba kifinsa da Faransanci. Mutumin ya kama hannun Nasiru yana girgizawa, har aka ɗauke su hoto. Uwani ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ni kuwa yatsan nan nake kallo. Haka ubansa yake danna kifi a bakin kogin Binuwai kafin ya saya.

A mota muka ce alƙali ta yi magana. Marta, jakarta ta dawo cinya, ta ce, "Na tsaye yana da sauri ba daɗi. Na zaune yana da kujera ba kifi. Ke Hajja kina da kifi, amma mai sauri ba ya tsayawa wurinki. Kai kuma Nasiru kana da ƙafa da baki. Ku je ku ƙarata, ni yunwa nake ji." Ta ɓalle dambunta ta kama ci.

A doguwar hanyar dawowa muka ƙulla magana. Rumfa tana nan yadda take. Amma bangon da ke kallon titi za a fasa masa taga, kuma tagar ta Nasiru ce shi kaɗai: kifi ba ƙaya a cikin dogon biredinmu mai ɓawo, da yaji da albasa, a naɗe a miƙa wa 'yan babur da ma'aikata ba sai sun sauka ba. Ba ni da ta cewa a ciki. Wannan sharaɗin ya fi hawa lilo wuya, amma na karɓa.

Ran da magini ya zo, Nasiru ya miƙo mini guduma ya ce ni zan fara, tunda ni da mahaifinsa muka ɗora bangon. Na ɗaga na buga da ƙarfina, na kauce wa alamar da aka zana, na fasa bututun ruwa. Muka yi wanka mu duka har da maginin.

Yanzu taga tana aiki. Jiya da rana babura sun yi layi har bakin kwalta, Nasiru hannu duk yaji, yana yanka biredi yana ƙwala wa mai kawo kifi kira, sai wayarsa ta yi ƙara a kan benci. Na duba na ce, "Auta, Bashiru ne daga Duwala."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Inna, ɗauka ki ce masa ina aiki."

Na goge hannuna a zani, na gyara zama, na ɗauka. Na gaida Bashiru da kyau, na tambayi lafiyarsa da ta mutanen Duwala, sannan na faɗa masa a hankali, yadda zai ji kowace kalma.